Jirgin Sama Ya Ci Suna, Motar Katako Ta Yi Aiki

Da watan Nuwamban 2025 ya kama, duk inda na leƙa a Facebook sai in ci karo da tsofaffin hotunan jirage masu fukafukai hawa biyu, ana ta taya juna murna wai jirgin sama ya cika shekara 100 da fara sauka a Najeriya. Kanawa har da ɗan ɗaga kafaɗa, tunda a garinsu aka yi abin. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage 3 na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka dira a Kano. Daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka taso ranar 27 ga Oktoba a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka ratso Sudan, suka biyo ta Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri. Kusan hanyar alhazan ƙafa ce suka biyo daga can zuwa nan. Tafiyar da kakanninmu ke shafe watanni, wani lokaci shekaru, suna takawa, su suka cinye ta a kwana 6.

Ni ma asalin gidanmu Kano ne, amma a Agege ta Legas aka binne cibiyata, kuma a nan na ji labarin wancan zamani daga bakin wanda ya gan shi da idonsa. Shi ya sa murnar ba ta kama ni sosai ba. A garuruwan bakin teku, daga Ikko har Sekondi da ke Ghana ta yau, ba jirgin sama ne ya sauya rayuwar mutane shekara 100 da suka wuce ba. Wata mummunar mota ce mai bodin katako, wadda ba wanda ya taɓa shirya mata biki. Kuma halin da hukuma ta nuna a lokacin, na ƙawata abin hawan manya da tsangwamar na talaka, shi muke fama da shi har gobe.

Ikko ta 1925 ba wannan dodon gari da muke kira Legas ba ce. Ƙidayar 1921 mutum wajen 100,000 ta samu a cikinta. Yawancinsu a cunkushe suke a kan tsibiri, gadar Carter da aka buɗe a 1901 ita ce ke fitar da su zuwa Iddo, inda tashar jirgin ƙasa take. Akwai lantarki a tituna tun 1898, akwai ruwan famfo daga Iju tun 1915, har zaɓe an yi a 1923, jam'iyyar Herbert Macaulay ta lashe kujeru 3 na garin a majalisar dokoki, sai dai ba mai jefa ƙuri'a sai namijin da ke samun fam 100 a shekara. Wannan a takarda kenan. A lungu kuwa bokiti ne masai, kuma a 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke, ta yi shekaru tana ɗibar mutane, Turawa na can gefe a Ikoyi. Mai zuwa kasuwa ƙafarsa ce motarsa, in ya yi arziki keke, in ruwa ya tare shi kwale-kwale. Kaya kuwa ko a kan ɗan dako ko a amalanke.

Duniyar mutumin gaɓa ta ruwa take zuwar masa. Wasiƙa, gishiri, atamfa, kananzir, sabon Gwamna, duk jirgin ruwa ke sauke su, kuma daga Liverpool zuwa Ikko tafiyar wajen mako 2 ce. Kafin 1914 ma manyan jiragen ba sa iya shiga tashar saboda tudun yashin da ya tare bakinta, sai su tsaya a waje a kwaso mutane da ƙananan jirage. A Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, abin ya fi haka: jirgi na can tsaye cikin teku, a zaunar da fasinja a wata kujera a zuro shi cikin kwale-kwale, matuƙa su yi ta kokawa da igiyar ruwa har gaɓa. Haka aka yi ta yi har aka buɗe tashar Tema a 1962.

Jirgin sama bai yi gaggawar zuwa wajen ba, kuma da dalili. Sojan saman Ingila a Masar da Sudan suke, ta gabas suka ɓullo mana, ga Arewa fili fetal, busasshe, in ka share ciyawa ka samu wurin sauka. Gaɓa kuwa fadama ce da kurmi da ruwan sama. Wani matuƙin jirgi ɗan Ingila, Alan Cobham, ya ratso ta Ikko a 1928 da jirgin da ke sauka a kan ruwa, a zagayen da ya yi wa Afirka, mutane suka yi kallo ya wuce. Sai a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga daga Khartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare ya miƙa zuwa Ikko, a 1937 aka kai Accra. Shekara 11 kenan bayan saukar Kano kafin Ikko ta samu jirgi mai zuwa a kai a kai, kuma yawancin lodinsa buhunan wasiƙu ne.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, ya zo Agege yana saurayi wajen 1928, yaron wani dillalin goro. Ina ɗan sakandare na taɓa tambayarsa ranar da ya fara ganin jirgin sama, ina jiran labari mai daɗi, irin na mutane sun watse da gudu suna salati. Ya dube ni ya ce, "Kai abokina, mun ɗaga kai mun gani, muka mayar da kai kan huhunmu. Me zai ɗaukar mana?" Labarin jirgi ya ƙare kenan. Amma da na kuskura na ce to mota fa, har aka kira la'asar bai gama ba.

Ya ce kafin mota ta shiga ƙauyukan goro, su ne motar. A ɗora maka huhu tun asuba, ka bi 'yar siririyar hanya cikin kurmi, raɓa ta jiƙa ka har wuya, ka tsallake rafi da kaya a ka, ka iso tashar jirgin ƙasa wuyanka kamar ba naka ba. Ya ture hularsa ya nuna mini tsakiyar kansa inda gashi bai sake fitowa ba, ya ce ba tsufa ba ne, gammo ne. Ranar da mota ta fara zuwa, abin da mutum 20 za su wuni suna ɗauka ta kwashe shi a sawu ɗaya kafin hantsi. Ya kwatanta mini ita kamar tana tsaye a gabansa. Inji da ƙashin ƙarfe kawai ake kawowa daga waje, kafintocin gari su ƙera mata bodi, a gicciya katakai su zama benci. Sai an murɗa wani ƙarfe a gabanta take tashi, in ta yi gardama ƙarfen ya dawo ya karya wa mutum hannu. Maigida da mai kuɗi a gidan gaba kusa da direba, sauran jama'a a baya, gwiwa na gugar gwiwa, ga kaji ga tulun manja. In an zo hawa, karen mota ya diro da weji a hannu yana bin taya, da ta tsaya ya cusa mata kada ta gangaro. In ta kafe a taɓo kowa ya sauko ya tura, har wanda ya biya kuɗin gidan gaba.

Goro ɗan lele ne, ba ya son rana ba ya son jinkiri. Tun kafin wannan lokaci jirgin ruwa da jirgin ƙasa sun riga sun kashe ayarin Gwanja: fatake irin su Alhassan Ɗantata sun gano cewa in ka sayi goro a Gwalkwas, Ghana ta yau, ka sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, ka riga mai jakuna nesa ba kusa ba, balle da dogo ya haɗe Ikko da Kano a 1912. Amma dogo layi ɗaya ne, ba ya karkata ya shiga ƙauye. Mota ce ta haɗa gonar da tashar. Ita ta sa mai sayar da kifi ta iya cin kasuwar da ke nisan kwana guda ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ita ta kai mai naƙuda asibiti. Ita ta sa ɗan ci-rani ya iya zuwa jana'izar uwarsa, ba ya ji labari bayan arba'in ba.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne masu motar. Jirgin ƙasa na gwamnati ne, jirgin ruwa na kamfanin Turawa Elder Dempster ne, jirgin sama na soja ne, daga baya na Imperial Airways. Mota ce kaɗai baƙar fata ya iya buga ƙirji ya ce tawa ce. William Akinola Dawodu, ɗan Ikko, da gyaran keke ya fara, ya zama babban mai shigo da motocin Amurka. A Ibadan Salami Agbaje ya zuba motocin haya. Sirrin kuwa a ƙirar motar yake. Motocin dakon Turai na farko masu nauyi ne, tayarsu daskararren roba, in suka hau jar ƙasa su farfashe ta su kuma kafe. Ford ɗin Amurka ba ta da nauyi, cikinta a ɗage, kuɗinta da sauƙi, kayan gyaranta ba wuya, maƙerin gari ma yana iya yi mata dabara. Hanyar da aka share da fartanya ta ishe ta.

A Gwalkwas, wadda a wancan lokaci, tun 1911, ta sha gaban kowa a duniya wajen fitar da koko, a ka ake ɗauko shi, ko a zuba a manyan gangunan katako a yi ta mirginawa. Da yawa daga masu dakon daga arewa suka gangaro, kuma har yau kalmarmu ta kaya na nan a sunan da ake kiran mata 'yan dako a kasuwannin Accra da Kumasi, kayayei. Manoman koko na Akwapim ba su tsaya jiran Gwamna ba. Kuɗi suka tara, suka ɗauki 'yan kwangila, suka fasa hanyoyi suka gina gadoji da aljihunsu.

A cikin garin Ikko kuwa akwai labarin da ya kamata a riƙa karanta wa duk wanda za a rantsar kwamishinan sufuri. A 1902 gwamnati ta buɗe wani ɗan siririn jirgin ƙasa mai tururi, taram, yana tasowa daga Iddo ya haye gadar Carter ya ratsa cikin gari. Talaka ya samu abin hawa. Bai cika shekara 12 yana ɗaukar fasinja ba. Da kayan suka tsufa aka ƙi sabuntawa, a ƙarshen 1913 aka dakatar da shi. Amma fa ba a tumɓuke dogon ba. Akwai jirgin da ke kwasar bahayar gari da dare ya kai bakin ruwa a zubar, shi aka bari yana aiki har 1933. Ba na raina aikin tsafta, balle a garin da annoba ta samu wurin zama. Amma ka tsaya ka auna: an samu kuɗin ɗaukar kashin mutanen Ikko a jirgi na ƙarin shekara kusan 20, ba a samu na ɗaukar su kansu ba.

Wa ya toshe gurbin? Wata mata ce, Charlotte Obasa, 'yar attajirin nan R. B. Blaize, ta zuba motoci tana ɗaukar mutane da ɗan kuɗi kaɗan. Sunan kamfanin nata Anfani, kalmar da Bayarabe da Bahaushe ba sa buƙatar tafinta a kanta. Daga baya wani Bagirke, J. N. Zarpas, ya kafa kamfanin bas a 1929, wanda hukumar gari ta saye a 1958. Daga nan aka gangaro kan motar haya bolekaja, wadda ma'anar sunanta da Yarbanci shi ne sauko mu yi faɗa, sai molue, sai danfo. Duk 'ya'yan ranar da aka tsayar da taram ne.

Sai da motar ta yi ƙarfi, ta fara janye wa jirgin ƙasa kaya, sannan hukuma ta tuna da ita. A Gwalkwas an gama dogon Accra zuwa Kumasi a 1923, an buɗe tashar ruwa ta Takoradi a 1928, kuma don a kare cinikin dogon, da gangan aka bar giɓi a manyan hanyoyin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. A yi hanya a tsaya, a bar wani yanki ba a haɗa ba, don kada mota ta kai koko gaɓa kai tsaye. A Najeriya kuɗin lasin aka ninka wa motocin da ke bin hanyoyin da ke gogayya da reluwe. Abin ya kai masu motoci suka tafi yajin aiki a 1937, kuma cikin waɗanda suka shirya shi akwai wani matashi mai suna Obafemi Awolowo, wanda shi ma a lokacin yana harkar mota.

Don Allah kada a ɗauka na ce Turawan wawaye ne. Bashi aka ci aka shimfiɗa dogo, baitulmalin ƙasa ke biya, ita kuwa mota tana tsince kaya masu tsoka ta bar wa jirgi masu nauyi da arha, tana kuma cinye hanyar da ba ita ta gina ba. Duk wanda ya taɓa kwana a cunkoson tankoki da tireloli a hanyar Apapa ya san ƙasar da ta ɗora dukkan kayanta a kan taya ta shiga uku. Ita kanta hanyar ba daga sama ta faɗo ba: wata dokar 1903 a Kudancin Najeriya ta ba da ikon fitar da mutane aikin tilas na gyaran hanya da rafi, har kwana 6 a kowane wata 3. Direbobin farko kuma sun kashe mutane ba kaɗan ba. Kakan nawa mai yabon mota, shi ne kuma ya ce ya taɓa taya kwashe gawarwaki a wata kwana, ya yi mako bai iya cin nama ba. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin da aka zaɓa. Jirgin ƙasa ya rasa ciniki, maimakon a gyara shi ya fi mota sauri da sauƙi, sai aka kama ƙafar mota aka ɗaure. An bar jaki ana dukan taiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an shimfiɗa dogon ne don gyaɗa da kuza da koko su isa bakin jirgin ruwa, ba don mai tallan kifi ta isa kasuwa ba.

Ba kuma gaba nake da jirgin sama ba. Daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a akwatuna ake sauke jiragen yaƙi a Takoradi, a haɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Masar, kuma filayen da aka inganta don wannan aiki su muka gada. Jirgin ne ya mayar da Hajji daga tafiyar da mutum ke yafe wa kowa ya bar wasiyya ya fita, zuwa ta awa 5. Mahaifiyata ta je ta dawo da tsarabar dabino ba tare da ta ga Sudan ba sai ta taga. Wanda ya ce wannan ba ni'ima ba ce ya yi butulci. Sai dai Hajji sau ɗaya ne a rayuwa ga wanda ya samu iko, kasuwa kuwa kullum ce.

Yau ka duba jihohinmu. Gwamna ya hau, kafin ya gama zagayen godiya ya aza harsashin filin jirgin sama, wani ma a ce na dakon kaya ne, a jihar da manominta ba shi da hanyar fito da buhu 10 daga gona zuwa kwalta. Bara na raka wani aboki ɗaya daga irin waɗannan filaye, ba zan faɗi jihar ba. Gini tsaf, tayil na ƙyalli, motar kashe gobara ja wur a gefe, ma'aikata na zaune suna danna waya. Na tambayi wata dattijuwa mai shara yaushe jirgi ke zuwa. Ta jingine tsintsiyarta ta ce, "Alhaji, sai in Mai Girma zai yi tafiya, ko lokacin alhazai." A hanyarmu ta komawa, ba mu yi nisa ba muka tarar da tirela ta kife a wani rami da kowa a yankin ya san da zamansa. Buhunan albasa sun watse, an jera samarin da suka hau saman lodin a gindin bishiya ana jiran motar da za ta kai su asibiti. Legas za su ci-rani. Kuɗin bas ya fi ƙarfinsu tun da aka cire tallafin mai a 2023, shi ya sa suka hau kan albasa.

Kamfanin jirgin saman ƙasa, Nigeria Airways, ya mutu a 2003, kuma tun daga nan ake ta alkawarin tayar da wani. A watan Mayun 2023 har jirgi aka kawo Abuja da fentin Nigeria Air, aka yi hotuna, ya koma inda ya fito. Ban taɓa ganin an yi wa tashar mota irin wannan ɗoki ba.

Legas dai ta fara gyara kuskurenta, kuma inda aka yi abin kirki a faɗa. Gwamna Lateef Jakande ya so gina jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke aikin a 1985. Sai a watan Satumban 2023 aka fara ɗaukar fasinja a layin da ya tashi daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, sannan a Oktoban 2024 aka fara na Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke tsayawa a Agege ɗinmu. Na hau, na ji daɗi, na isa Oyingbo rigata ba ta jiƙe ba. Amma in ka ɗebe tsohon jirgin Iddo da mutane ke hawa har kan rufi, daga ranar da aka tsayar da taram zuwa ranar da aka buɗe layin Marina shekara kusan 110 ce. A tsawon wannan lokaci wa ya ɗauki garin a bayansa? Masu molue da danfo, sai kuma 'yan acaɓa, waɗanda a Legas ake kira okada.

Sunan kansa abin dariya ne da ban tausayi. Okada kamfanin jirgin sama ne a shekarun 1980, na Gabriel Igbinedion, wanda ya sa masa sunan garinsu da ke jihar Edo a yau. Mutanen da ba su taɓa taka matakalar jirgi ba suka ɗauki sunan suka liƙa wa babur ɗin da ke ratsa cunkoso da su kamar zai tashi sama. Kamfanin ya daɗe da mutuwa, babur ya gaje sunan. Ranar 1 ga Yuni, 2022, aka haramta shi a ƙananan hukumomi 6 na Legas, daga baya aka ƙara wasu, ana murƙushe waɗanda aka kama. Kada wani ya yi saurin cewa ƙabilanci ne don da yawa daga masu tuƙin 'yan Arewa ne. Kano ta riga Legas, tun Janairun 2013 ta hana acaɓa ɗaukar fasinja. Na kuma san ɓarnar acaɓa, na je dubiya ɗakin masu karaya na ga ƙafafu a rataye jere-jere. Amma acaɓa ba shi ya haifi kansa ba. Rashin abin hawa ne ya haife shi, kamar yadda tsayar da taram ya buɗe wa motocin Anfani kasuwa. Hana shi kafin a kawo abin da zai maye gurbinsa a lungunan da bas ba ta shiga, giɓin hanyar Gwalkwas ne aka sake haƙawa.

Abin da nake nema ba shi da yawa, jerin gwano kawai nake so a gyara. Jihar da ke da filin jirgi a maƙwabta, tafiyar awa 2, ta haƙura da nata tukuna, ta zuba kuɗin a hanyoyin da ke fito da amfanin gona, da bas mai sauƙin kuɗi, da bashin da direba zai iya biya ya sauya tsohuwar motarsa. Babbar hanyar bakin teku da aka fara a 2024, daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita wajen 700, da tambaya ɗaya zan auna ta: masuntan ƙauyukan da za ta ratsa za su samu mahaɗar da za su fito da kifinsu, ko kuwa za su ɗaga kai su ga motocin manya na wucewa su mayar da kai kan komarsu?

Ɗan ƙanwata ya zo Legas a 2019, ya sayi babur da kuɗin gonar da ya jinginar, har ya fara aika wa uwarsa abin cefane duk Juma'a. Da kame ya tsananta ya sayar da babur ɗin da asara kafin a raba shi da shi. Kwanan baya na shiga kasuwar Mile 12 sayen tumatir, sai na ji an ce, "Kawu, ina wuni?" Na juya, ga shi da kwando a ka, an sauko da shi daga tirela zai kai wa wata mata bakin titi. Na ce ya sauke mu gaisa. Ya ce, "Kawu, bari in kai in dawo, kada wani ya karɓe mini ita." Da ya dawo ya tsuguna ya cire gammon yana fifita da shi, yana tambayata mutanen gida, sai idona ya kai tsakiyar kansa. Gashin wurin ya fara zubewa.